Ranar da Njidda Ya Goyo Surukinsa

A shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, lokacin da kowane gida mai ɗaki huɗu ya koma ofis, an yi wani masinja a unguwar Yelwa ana ce masa Njidda. Aikinsa bai wuce ya ɗauki fayil daga wannan ma'aikata ya kai waccan ba, amma in ka same shi a bencin mai shayi yana bayani, sai ka rantse jihar a aljihunsa take kwana. Ya sha faɗa cewa ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, gwamnati ma hutu take tafiya. Yana da jan babur mai madubi biyu, duka biyun ya lanƙwaso su suna kallon fuskarsa, domin a ganinsa babu wani abu a bayansa da ya kai ta kyan gani.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa mai zuwa iyakar Kamaru ya kawo masa wokman, wato ɗan akwatin kaset ɗin nan da ake maƙalawa a ƙugu, mai siririyar igiya da 'yan ƙwayoyi biyu da ake cusawa a kunne. Ya haɗa masa da kaset uku na kiɗan can, mai jita da ganga, irin wanda ke sa ƙafar mutum motsi ko da gaisuwar mutuwa ya je. Njidda ya cusa, ya danna, duniya ta ɓace masa. Kafin kaset ya kai ƙarshe ya riga ya tsara makomarsa. Shi ne zai zama mutum na farko a Taraba da ke tuƙi da kiɗa a cikin kansa, zai rubuta wa manya takarda a raba wa kowane masinja irin abin, kuma in an kafa sashen, ai an san wanda za a naɗa darakta.

Wanda ya fara kawo masa cikas shi ne John, bakaniken babura da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bakin titi. John ya daɗe yana kallon igiyar da ta fito daga wuyan rigarsa, sannan ya goge hannu da tsumma.

Ya ce, "Oga Njidda, wannan abu ba ta da kyau a kan titi. Mashin yana magana, fa. In sarƙa ya saki, kunne ne zai fara sani. In mota yana zuwa a baya, kunne ne."

Njidda ya zare ƙwaya ɗaya. "John, kai bakanike ne, ni ma'aikacin gwamnati. Da ido ake tuƙi ko da kunne?"

"Da duka."

"To me ya sa ba a gwada kunnen mutum in za a ba shi lasin?"

"Kai kana da lasin?"

"Ba wannan maganar muke yi ba. Abin da ba ka sani ba shi ne, kiɗa na rage shan mai. In ran direba ya yi sanyi, injin ma sai ya yi sanyi. Ilimi ne."

"A wane makaranta?"

Njidda ya mayar da ƙwayar kunnensa, ya ga bakin John na ci gaba da motsi, ya yi masa murmushin tausayi ya tayar da babur.

A mako na farko salansar babur ɗin ta kwance ta faɗi a hanyar kasuwa. Kwana biyu cur Njidda na yawo babu ita. Duk inda ya ratsa jarirai na farkawa, kaji na haye katanga, tsofaffi na toshe kunne suna binsa da addu'ar da ba ta alheri ba. Shi kuwa ganin kowa na waiwayowa, sai ya ƙara gyara zama yana ɗaga hannu, ya tabbata garin ya fara gane darajarsa. Wata mai sayar da doya ce ta tsinci salansar, ta ɗora a kan tirenta ta kai wa John, ta ce in don kuɗin ɗauri ne, matan layinsu za su haɗa.

A mako na uku wani bajimin sa ya tsinke daga hannun mahauta, ya hau titi a fusace. Mutane suka watse, masu tebur suka bar kaya, wani ɗan sanda ya tsinci kansa a kan rufin rumfa. Bajimin ya hango jan abu na tafiya a hankali a tsakiyar hanya, ya bi shi. Haka suka jera, Njidda a gaba yana rangaji da kafaɗa, sa a baya yana huci, mahauta huɗu a bayan sa da igiya, har ƙofar ofis. Mai gadi ne ya ja shi ciki ya banko ƙyaure.

Lucy, mai buga tafireta, ta ga komai ta taga. Da aka gaya wa Njidda abin da ya biyo shi, bakinsa bai mutu ba.

Ya ce, "Kin gani ko? Dabba ma ta san kiɗa mai kyau."

Lucy ta ce, "Kiɗan da ke cikin kunnenka, Malam Njidda? Ta ina ya ji?"

"Ta jikina. Yana fita ta gumi."

"To ka riƙa wanka kafin ka zo ofis. Ba mu da wurin ajiye shanu."

Duk wannan bai kai abin da ake sha a gida ba. Matarsa Asta tela ce, mace mai haƙuri amma mai kaifin harshe in aka kai ta bango. Wata biyu tana zaune da mutumin da ke cin tuwo da igiya a kunne, yana alwala da ita a wuya. In ta ce gishiri ya ƙare, sai ya ce amin. In ta ce an yi rasuwa a maƙwabta, sai ya ce madalla. Ta yi faɗa, ta yi shiru, ta ɓoye batir, ya sayo wasu.

Ranar da abin ya fashe, za su suna ne gidan ƙawarta a Abbare. A hanyar akwai wani rafi da ke ƙafewa da bazara, ya bar yashi mai zurfi. Kowa ya san yadda ake yi a wurin: na baya ya sauka ya taka da ƙafa, mai babur ya lallaɓa ya haye, ya jira shi a ɗaya gefen. Asta ta sauka da kwanon kayan barka a hannu. Njidda ya haye, ya tsaya, ya ƙirga daidai lokacin da a ganinsa ya ishi mace ta hau, kiɗa kuma ya zo wurin da ya fi so, sai ya ja babur. Ta kira sunansa har muryarta ta dushe.

Ya isa gidan suna ya taka birki a gaban mata cike da ƙofa, ya ce ba tare da ya waiwaya ba, "Sauka mana, mun iso. Kin ga yau ko nauyinki ban ji ba."

Matan suka dubi kujerar baya, suka dubi juna. Wata tsohuwa ta matso ta leƙa ƙarƙashin babur, ta ce ko nan ta faɗa.

Da ya koma ya same ta a hanya, kwano a ka, tana tafiya ba ta kallon kowa. Ya bi ta a hankali yana ba da haƙuri, har da cire ƙwaya ɗaya. Asta ba ta je gidan suna ba, ba ta koma Yelwa ba, ta miƙe sai gidan mahaifinta a Kachalla Sembe.

Kwana uku Njidda na gaya wa masu shayi cewa hutu ya ba ta. A kwana na huɗu, da ya ga murhu a sanyaye, keken ɗinki a rufe, babu mai ce masa ko gishiri ya ƙare, sai abin ya shige shi sosai. Yana son Asta, wannan ba ƙarya ba ne, kuma ya ji tsoron kada ta tafi ke nan. Ya sa rigar Juma'a ya tafi biko, shi kaɗai, don ya ce mutum irinsa ba ya buƙatar dattijon da zai yi masa magana.

A zaure ya ci karo da Goggo Binta, ƙanwar mahaifin Asta, wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba.

Ta yi masa maraba da Fulatanci ta ce, "Jaɓɓama, mai kunnen ado. Ka zo da su yau, ko ka bar su a gida?"

"Goggo, na tuba. Na rabu da abin nan."

"Ka ba wa?"

"Na jefa shi a rafi."

"Rafin da ya ƙafe?"

"Wani rafin, Goggo."

Ta ce to, magana tana hannun yayanta Malam Sada, mahaifin Asta. Yana can wajen gari a garkensa, zai shigo ran Asabar don shi ne waliyyin amarya a ɗaurin auren 'yar Hadi, ƙanensa. In an shafa fatiha zai faɗi hukuncinsa, ko Asta ta koma ko ta zauna.

Sai an san Malam Sada kafin a gane sauran labarin. Bafulatani ne na asali, wanda kunya ta zame masa kamar fatar jiki. Shekara shida da auren Asta, bai taɓa kiran sunan Njidda ba, sai dai ya ce mutumin Yelwa. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, jikinsa bai taɓa taɓa nasa ba. Ɗaga murya kuwa a wurinsa abin kunya ne da ya fi tsiraici. An ce kunama ta taɓa harbinsa a sahun salla, ya idar, ya gaisa da liman, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce ko akwai mai ɗan magani a kusa.

Ran Asabar da hantsi Njidda ya iso Kachalla Sembe ya tarar da Goggo Binta na safa da marwa a ƙofar gidan Hadi. Lokacin wahalar mai ne, kuma a-kori-kurar da za ta ɗauko Malam Sada kwananta uku a layin gidan mai. Ga baƙi sun fara cika tabarmi, ga goro an kawo, babu waliyyi.

Njidda ya ji kamar an buɗe masa ƙofar sama. Ya bugi tankin babur ya ce, "Goggo, ga mota a gabanki kina neman mota. Minti arba'in, Baba na kan tabarma."

"Suruki a bayan suruki? Ina ka taɓa gani?"

"Lalura ce, Goggo. Kuma in na kawo shi lafiya, ai kin san zuciyarsa za ta yi laushi."

Ta duba hanya, ta duba rana, ba ta da zaɓi. Ta kama kunnuwansa biyu ta leƙa ciki kamar mai sayen akuya, ta ga babu komai, ta ce ya tafi. Ba ta duba aljihun wandonsa ba.

Yana fita gari ya ce wa kansa ai yanzu babu kowa a baya, wa zai cutu? Ya zaro abin, ya bi da igiyar ta cikin riga, ya cusa. Da ya hango garke sai ya kashe, amma maimakon ya cire, ya zaro hular sanyi ta ulu ya ja ta har ta rufe kunnuwa. Wannan kuwa a watan Maris ne, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa a Jalingo.

Malam Sada na tsaye a gindin tsamiya cikin babbar rigarsa fara, mai aikin hannu tun daga wuya har ciki, wadda ba ta fita daga adaka sai ranar da ta isa. Njidda ya durƙusa yana kallon gabas, tsohon na kallon yamma, suka gaisa.

"Jam na?"

"Jam, Baba."

"Ya gida? Ya aiki? Ya zafi?"

"Alhamdulillahi, Baba."

Tsohon ya saci kallon hular ulun. Njidda ya yi tari ya ce mura ce. Da ya bayyana abin da ya kawo shi, Malam Sada ya dubi inuwa ya ga lokaci ya tafi, ya ce, "Useko," wato na gode. Ya tattara rigarsa ya hau can ƙarshen kujera, ya riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, ya bar fili tsakaninsu wanda za a iya zaunar da tunkiya.

Suka kama hanya. Mil guda babu wanda ya yi ko tari. Njidda bai taɓa sanin shiru na da nauyi haka ba. Yana jin idon surukinsa a ƙeyarsa, gumi na bin bayansa, ya rasa yadda zai yi da wuyansa. Waiwaye ba dama, magana ba dama. Sai babban yatsansa ya lallaɓa cikin aljihu, ya ce kaɗan kawai. Jita ta shigo, ganga ta biyo ta. Kafin su hau kwalta ya manta da wanda ya goyo, kansa na kaɗawa dama da hagu yadda kiɗan ke so.

Abin da ya faru a bayansa, sai daga baya ya ji a bakin mutane, kuma har yau akwai masu ba da labarin kamar su aka goya. Iska ta kwance hannun rigar tsohon na dama, ya sauka a hankali, ƙafar babur ta baya ta kama bakinsa ta fara naɗewa. Malam Sada ya ji ana jan kafaɗarsa ƙasa. Ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Ya ce, "Mutumin Yelwa," da muryar da ko a ɗaki sai an kasa kunne. Ya ɗaga hannu zai taɓa kafaɗar surukinsa, hannun ya kai rabin hanya, kunya ta dawo da shi. Da ya ga rigar za ta tafi da shi, sai ya zaro 'yar wuƙar da ba ya rabuwa da ita, ya yanke hannun rigar tun daga kafaɗa, ya mayar da wuƙar kube, ya gyara zama.

Njidda ya ji babur ya ɗan yi nauyi, ya ce man bumburutu ne, 'yan cuwa-cuwa sun haɗa da kananzir. Ya ƙara wuta.

Wajen shiga gari hannun hagu ya bi ɗan'uwansa. Wuƙa ta sake fitowa. Daga nan bayan rigar, da ya rasa abin da zai riƙe shi, ya zame ya shiga sarƙa, aka yanke shi shi ma. Ƙafar baya ta koma dunƙulen farin yadi, tana juyawa da ƙyar tana hayaƙi. Njidda ya ji ƙauri ya yi tsaki, ya ce mutanen garin nan ba su da aiki sai ƙona shara da rana tsaka.

Mutanen bakin hanya suka fara ɗaga hannu suna nuna bayansa. Ya ɗaga musu shi ma. Masu faci suka miƙe tsaye suna tsalle, ya sara musu. Da suka zo gindin mangwaro, John ya fito a guje da sifana a hannu, bakinsa a buɗe, yana bin su. Njidda ya hango shi ta gefen ido ya ce a ransa, hassada dai ba ta da magani, ga shi yau ya ga wanda na ɗauko.

Ƙofar gidan Hadi akwai fili babba, an shimfiɗa tabarmi, mutum ya fi ɗari biyu a zaune. Da babur ya kunno kai da hayaƙi a bayansa, taron ya miƙe gaba ɗaya, hannuwa a sama. Njidda bai taɓa samun tarba irin wannan ba. Zuciyarsa ta cika, ya ga bai kamata a katse wa jama'a jin daɗi ba, sai ya zarce ya kewaya filin don kowa ya gani da kyau. Ya ga sun ƙara yunƙurowa, wasu har suna biyo shi, ya ƙara zagaye na biyu. A na uku ƙafar baya ta ce ta ƙoshi. Babur ya tsaya cak a tsakiyar fili, ya yi ɗan tunani, sannan ya kwanta a gefensa tare da mai shi.

Malam Sada ya riga ya sa ƙafa ƙasa. Yana tsaye a miƙe, hula daidai, 'yar ciki fes, kuma daga babbar rigar nan babu abin da ya rage sai wuyanta da aikin gaba, yana reto a ƙirjinsa. Fuskarsa kamar wanda ya sauko daga jirgi.

Njidda ya tashi yana kakkaɓe gwiwa, yana murmushi, ya juyo. A shekara shida wannan ne karo na farko da ya kalli surukinsa sosai. Murmushin ya tsaya a inda yake. Hular ulu ta riga ta faɗi, ƙwayoyin biyu na lilo a wuyansa. Filin ya yi tsit, har ana jin ɗan kiɗan na fita siriri kamar kukan sauro.

Goggo Binta ta leƙo daga zaure ta ce, "Ashe rafin ya dawo da shi."

Njidda ya ce, "Jama'a, ba abin da kuke zato ba ne. Na'urar ofis ce. Ta nan gwamnati ke kirana in akwai gaggawa."

John ya iso yana haki, ya sunkuya ya kara ƙwaya ɗaya a kunnensa. Ya ce, "Oga, gwamnatin naka ta iya jita sosai."

Dariya ta ɓarke, har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Wani ya kawo ruwa a buta ya zuba wa ƙafar babur, ta yi cuu. Hadi ya cire tasa rigar da sauri zai yafa wa yayansa, Malam Sada ya ɗaga hannu ya hana.

Ya ce, "A fara abin da ya tara mu."

Haka ya zauna a tsakiyar tabarma da guntun wuyan riga, ya ba da auren 'yar ƙanensa cikin natsuwa, aka shafa fatiha, aka raba goro. Njidda na durƙushe a gefe cikin rana, babu wanda ya ce ya matso inuwa. Duk wanda ya karɓi goro sai ya bi ta wajen babur ya ɗan tsaya kallo.

Da aka natsa, tsohon ya juya wajen ƙanensa. Bai dubi inda Njidda yake ba, kuma bai ɗaga murya ba, amma babu wanda bai ji shi ba.

"Hadi, ka gaya wa mutumin Yelwa, riga ba komai ba ce. Tun jiya na yanke cewa yarinya ta koma ɗakinta yau. Na aiko, kayanta ma a ɗaure suke. Da muka hau hanya na ga ba ya ganin fuskata, ba na ganin tasa, sai na ce bari in faɗa masa da bakina, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, kana son iyalinka ta koma yau? Ya girgiza kai. Na bari muka wuce gada na sake tambaya, ya girgiza kai. Na uku har da kafaɗa. To ni ba na yi wa mutum dole."

Njidda ya rarrafo gaba. "Baba, wallahi ba amsa ba ce. Kiɗa ne. Ina so, Baba, ina so ta koma."

"Hadi, ka ce masa ni na ji shi. In an gama girbi ya dawo mu sake magana. Ya zo da ƙafa."

Girbi kuwa saura wata takwas, ko ruwan farko bai sauka ba.

Sai aka ji motsi a bayan labulen zaure. Asta ce. Ba ta fito ba, gefen gyalenta kawai ake gani. Ta yi magana a hankali, 'yar gajeruwa, da muryar da ba ta wuce zauren ba. Matan da ke kusa da ita suka kwashe da dariya, wata har da tafawa, Goggo Binta kuma ta gyaɗa kai tana share ƙwalla.

Njidda ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya karkata kai, ya kara tafin hannu a bayan kunne. "Me ta ce? Goggo, don Allah me ta ce?"

Goggo Binta ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Wata biyu tana faɗa maka kyauta, ɗana. Wannan kuma tamu ce."

Ta saki labule.